Kanya Ta Nuna

Shekara talatin da ɗaya ina jan bas a tsibirin Sado,
ban taɓa neman iznin iska ba.
Na zaci ita kaɗai ce ba ta da mai gadi.

Sai da gwiwoyin Tomie suka ƙi hawa.
Gonar kanyar mahaifinta tana can bisa tudu,
matakalar dutse ɗari biyu da sha huɗu,
tun tana 'yar shekara shida ta ƙirga su.
Yanzu ta taga take duban wurin
kamar mai kasa kunne a ƙofar da aka kulle.

Na sayo jirgi, tsawon hannuna,
sakayau kamar buhun da aka zazzage.
A hancinsa kyamara, ƙwayar wake,
a bayansa 'yar na'ura mai aiko hoto
cikin tabarau da za ta ɗaura a fuska.

Rintaro mai kanti ya dafa kwalin:
“Baba, jirgin naka ne, sararin ba naka ba.
Wannan abin rediyo ne, magana yake ko ba ka ji.
Sai da lasin.”

Lasin! Don abin da bai kai gidan ashana ba.

Na koma ɗalibi da furfurata.
Tomie ta riƙe littafi, miya tana tafasa:
“Mene ne ke hana wutar lantarki gudu a waya?”
Na ce tsufa.
Ta ce ba ya cikin amsoshin huɗu.

Jirgin ruwa ya kai ni Niigata.
Na zauna kusa da yarinya mai fensir uku,
ta gama, ta yi hamma, ta fita.
Tambaya ɗaya ta kayar da ni.
Na koma bayan wata biyu, na haye,
sai aka ce saura takarda ta biyu,
ta tashar kanta,
har da zanen hanjin na'urar.

Ina cike fom, tudu ya yi ja.
Kanya ta nuna, biri ya karye.
Hankaki suka yi ta biki a gonar surukina.

Wani dare na ɗauko jirgin, na sa batir.
Wa zai sani? Ba kowa nan sai teku.
Yatsana yana kan makunni
na tuna sama cike take da muryoyi,
masunta suna kiran gida, wani yana neman agaji,
kowa da layinsa, ba fenti, ba fitila.
Direba ne ni.
Na san abin da ake binnewa in aka ce ba mai gani.
Na zare batir.

Ambulan ya iso cikin Disamba,
da sunana na iska: haruffa da lamba,
na yi ta maimaita shi kamar sabon uba.

Ƙanƙara ta rufe komai.
Na lulluɓe Tomie da bargo biyu a bakin ƙofa,
na ɗaura mata tabarau, na cilla jirgi.

“Yayyafi kawai nake gani,” in ji ta.
Na gyara eriya.
Sai ta yi shiru.
Sai leɓɓanta suka fara motsi:
tamanin da bakwai, tamanin da takwas,
tana hawa, ƙafafunta cikin silifa.

“Kiyoharu, karkata hagu. Hagu, na ce!
Akwai ɗaya.
Can ƙolin bishiyar Baba, guda ɗaya, ja wur.
Kullum yakan bar ɗaya ta yi gadin itace.
Bana wa ya bari?”

Ban gani ba.
Idona yana kan ɗigon da ke shawagi a farin sama,
hannuna yana rawa, batir yana kukan yunwa.
Na ce, dole mu sauko.

Ta laluba ta kama hannun rigata.
“Tukuna,” ta ce. “Ban huta ba.”